Yatsun Kaka Mal-sun

Aikina gurfanar da mutane gaban alƙali ne, ba rubuta labari ba. Ni lauyar gwamnati ce a birnin Mokpo, a sashen da ke bin masu damfarar inshorar lafiya, wato asibitocin da ke karɓar kuɗin jinyar wanda bai kwanta ba da na allurar da ba a yi wa kowa ba. Amma akwai abin da takardar tuhuma ba ta da wurin sa shi, kuma tun da aka gama shari'ar nan yake damuna. Shi ya sa na zauna zan faɗe shi yadda na gan shi.

Ƙofata da ta Kaka Mal-sun suna kallon juna a benen da muke zaune. Mijina a Seoul yake aiki, sai ƙarshen mako muke ganinsa, don haka duk ranar da na makara a ofis ita ke ɗauko mini 'yata Da-on daga gidan rainon yara, ta goyo ta har gida. A yankan kifi ta tsufa a kasuwar bakin teku, hannunta kuwa idan ta damƙi naka sai ka ji a ƙashinka. Maman Da-on take kirana. Takan tsokane ni wai ina tsayawa gaban alƙali ina razana ƙarti, amma kitson 'yar shekara uku ya gagare ni. Sai ta zaunar da yarinyar tsakanin cinyoyinta, kafin ruwan shayi ya tafasa ta gama.

Da sanyin bara ɗanta Gi-cheol ya dawo gidan da matarsa Jeong-ran, bayan shagonsa na soyayyar kaza ya durƙushe. Shi kaɗai ne ɗanta. Mutum ne mai fara'a a idon jama'a, ya riƙe maka ƙofar lif, na'urar hawa bene, ya sunkuya wa tsofaffi har kusan ƙasa. Shi da bakinsa ya faɗa mini ya saya wa Innarsa inshora kala-kala, saboda ɗan kirki ba ya jira sai uwa ta kwanta sannan ya fara neman mafita. Na yaba masa.

Da yatsu biyu aka fara, na hannun hagu. Kaka Mal-sun ta ce ƙofa ce ta datse ta. Aka kwantar da ita a wani ƙaramin asibiti a bayan tashar mota, ta daɗe fiye da yadda yatsa biyu ke buƙata, ta dawo a rame, idanunta sun yi nauyi kamar mai maye. Bazara na shigowa sai wuyan hannu. Wannan karon santsin banɗaki ne. Na haɗu da Gi-cheol a lif yana ɗauke da jakar kayanta, ya girgiza kai ya ce ƙashin tsofaffi kamar busasshen kifi yake, ka taɓa ya ɓalle, ga Inna da taurin kai, ba ta zama wuri ɗaya.

Wata Lahadi da rana ina shanya sai na ji an ƙure ƙarar talabijin a gidansu. A ƙarƙashin ƙarar akwai wani sauti, tim, tim, kamar ana bugun katifa. Daga nan wata 'yar ƙara siririya ta fito ta katse. Na kira 'yan sanda. Suka zo, Kaka Mal-sun ta fito musu tana dafe da bango, numfashinta na fita da ƙyar, ta ce tebur take ja ya faɗo mata. Ɗan sandan ya ja ni gefe yana mini bayanin cewa idan duka ne kawai kuma uwa ta ce ba ta son a hukunta ɗanta, magana ta mutu, idan kuwa rauni ne, to ga mai raunin ta ce faɗuwa ta yi. Na bar shi ya gama. Dokar da yake karanto mini na fi shi saninta. Matar da ke sama da mu ta leƙo daga matattakala ta ce mini, cikin murya mai daɗi, sha'anin cikin gida ne, kowa da nasa.

Haƙarƙari uku ne suka karye ranar.

Kafin a mayar da ita asibiti na tarar da Da-on zaune a tsakar ɗaki da 'yar tsanarta. Ta zura hannun 'yar tsanar cikin aljihun tebur, tana turawa a hankali, tana cewa da ƙaramar muryarta, "Yi shiru, Inna. Sau ɗaya ne kawai."

Daga ranar ƙafar Da-on ba ta sake taka gidan Kaka Mal-sun ba. Na ɗauki mai raino, na canja makullin ƙofata. Sannan na jira Gi-cheol ya fita, na shiga wurin tsohuwar. Tana kwance a ƙasa kan shimfiɗa, ta juya wa ƙofa baya. Na faɗa mata abin da yarinyar ta yi. Na ce akwai gidan da gwamnati ke ajiye tsofaffi irinta, yau ɗin nan zan iya kai ta, kalma ɗaya kawai nake so daga bakinta.

Da ta yi magana, bango take kallo.

"Maman Da-on, ke 'yar boko ce. Idan aka ɗaure shi, wa zai zuba wa marigayi ubansa shinkafa ranar tunawa da mutuwarsa? Ni kuma in na mutu, wa zai zuba mini? So kike mu yi ta yawo da yunwa a can lahira, ni da tsohon, muna leƙen teburin wasu?"

Na ce wanda ke karya ta da ranta ba zai ciyar da ita a mace ba. Ta ce ban san shi ba ne, yaro ne mai taushin zuciya, masu binsa bashi ne suka matsa masa. Kuma kowane karo sai ya yi kuka, shi ke ɗaukarta da kansa zuwa mota. Ta ce ƙashi ai yana ɗoruwa.

A ofis kuwa na kusa shekara ina bin wannan asibiti na bayan tasha. Mai shi, wani da ake kira Darakta Wi, ba likita ba ne, dillalin tsofaffin motoci ne da ya yi hayar sunan wani likita da ya tsufa har hannunsa na rawa. Mun san gadajen wurin rabinsu babu kowa a kai, masu jinyar suna gidajensu, asibiti na karɓa daga asusun lafiya na ƙasa, iyalai na karɓa daga kamfanonin inshora. Waɗanda aka kwantar da gaske kuwa a ɗura musu maganin barci a ɗaure su jikin gado don kada su dami kowa. Mun sani, amma babu mai shaida. Duk wanda muka kira sai ya rantse yana kan gadonsa dare da rana, don shi ma hannunsa na ciki. Shari'ar ce nake fata za ta mayar da ni Seoul, Da-on ta riƙa ganin ubanta kullum.

Ranar tunawa da mijin Kaka Mal-sun da lissafin wata take tafiya, ba da kalandar bango ba, kuma babu wanda ya damu da ita a asibitin. A rubuce tana can kwance ana ƙara mata ruwa. Amma da na dawo aiki ran nan ƙanshin suya ya cika barandarmu, irin suyar da ba a sa mata barkono ko tafarnuwa, wadda kowa ya ji ya san ta mamata ce. Gi-cheol ya ɗauko ta tun safe, don Jeong-ran ba ta iya girkin ba, shi kuma ba zai yarda dangi su ce ya bar teburin ubansa babu komai ba. Da haƙarƙarin da bai gama warkewa ba ta wuni a tsugune tana soya wainar ƙwai da kifi.

Bayan dangi sun gama sunkuye-sunkuyensu gaban hoton mamacin sun watse, ta ƙwanƙwasa mini. Abincin ranar ba a cinye shi a gida ɗaya, dole maƙwabta su samu. Ta miƙo mini faranti da hannu biyu, na hagun a karkace. Ta leƙa bayana tana neman Da-on, na ce ta yi barci. Ta gyaɗa kai kamar ta yarda.

Ba a mayar da faranti haka nan. Da safe, bayan na sa Da-on a motar gidan raino, na wanke shi na cika shi da lemu, na tsallaka. An tokare ƙofarsu da takalmi don warin mai ya fita. Na yi gyaran murya, ba a amsa ba, ruwan famfo na zuba da ƙarfi. Na tura.

Tana durƙushe a ƙasan kicin da tawul cuse a bakinta. Hannunta na dama, mai lafiyar, yana shimfiɗe kan katakon da ta yi shekaru tana yanka kifi a kai. Gi-cheol ya danne wuyan hannun da gwiwarsa, a hannunsa akwai gudumar icen da ake dukan busasshen kifi da ita. Jeong-ran na tsaye gaban famfo, ta ba su baya, tana wanke kwano ɗaya da ya riga ya fita. Daga baya na ji cewa Darakta Wi ne ya ce hoton haƙarƙarin ya nuna ya fara haɗewa, in ana son ta ci gaba da kwanciya sai da sabon hoto. Gi-cheol ya bari ne sai da ta gama wa ubansa girki, don girkin na buƙatar hannun.

Kafin in buɗe baki gudumar ta sauka. Sautin bai yi ƙarfi ba, kamar an taka ƙaguwa. Jikin tsohuwar ya ɗaga sama ya dawo, ihun ya tsaya a cikin tawul. Gi-cheol ya sake ɗaga gudumar.

Na jefa masa farantin. Ya same shi a kunne, lemu ya watse ko'ina. Ya miƙe yana kallona kamar bai gane ni ba, sai ya yo kaina. Mari ɗaya ya haɗa ni da firiji, na ji gishirin jini a bakina. Ya damƙi gashina yana cewa wa ya kira ni, 'yar sa ido, ko uwata ce. Kaka Mal-sun ta rarrafo da gwiwa da hannu ɗaya ta rungume ƙafarsa. Ya fizge, ya juya ya harbe ta da ƙafa a kwankwaso da iyakar ƙarfinsa. Ta bugi ƙafar tebur, ta kwanta a wani irin karkace da mutum ba ya kwanciya.

Nan ya tsaya. Ya dube ta, ya dubi gudumar, ya sake ta. Ya durƙusa yana kiran Inna, Inna, yana kuka da hawaye na gaske. Jeong-ran ta kashe famfo.

Na kira motar asibiti da 'yan sanda. Na cire mata tawul ɗin, haƙorinta ɗaya ya biyo shi. Yatsunta uku sun kwanta ta inda yatsa ba ya kwanciya, farata sun yi baƙi. Ta kama rigata da hannun hagu ta jawo ni kusa, na ɗauka ruwa take so.

"Faɗuwa na yi," ta ce. "Kin gani ai. Faɗuwa na yi."

Da la'asar ina gaban shugaban sashenmu, leɓena a kumbure. Na faɗa masa na samo shaidar da muke nema: mai jinyar da aka rubuta tana kan gado, ga shi ta wuni tana suya a gida, ta ba ni abincin hannu da hannu. Ya tambayi wace ce shaidar, na ce ni ce. Ya cire tabarau ya ce na san doka, ba a zama mai tuhuma da shaida a shari'a ɗaya. In na zauna a kujerar shaida, aikin shekara ya koma hannun wani, shi zai tafi Seoul da shi. In kuma na yi shiru, wataƙila nan da wata shida mu samu wata hanyar. Na ce masa tsohuwar ba ta da sauran ƙashin da zai kai wata shida. Kafin a tashi na kwashe takardun na kai teburin abokin aikina.

A kotu na ji uzurin kowa. Gi-cheol ya ce da yardarta aka yi, ita ta ce gara hannunta da a ƙwace gidan, kuma inshorar shi ya biya, haƙƙinsa ya karɓa. Ya ce rabin unguwar bayan tasha haka suke ci, shi ne dai Maman Da-on ta zama maƙwabciyarsa. Jeong-ran ta ce ita ba ta taɓa gani da idonta ba, kullum bayanta ke wajen. Da aka matsa mata sai ta naɗe hannun rigarta ta nuna wani tsohon ɗori, ta ce kafin su dawo gidan surukarta ita ce ke faɗuwa a banɗaki. Darakta Wi ya ce bai taɓa cewa a karya kowa ba, hoto kawai ya ce yana buƙata, kuma tsofaffin da ke wurinsa suna samun ɗumi da abinci sau uku, abin da 'ya'yansu ba sa ba su. Tsohon likitan ya ce shi hatimi kawai yake bugawa.

Lauyan Gi-cheol ya tambaye ni ko ba zai yiwu na rikita ranar ba. Na ce ya tambayi dangin da suka sunkuya gaban hoton mamacin ran nan, da gidajen da aka raba wa abinci a benenmu. A garin nan mutum na iya manta ranar haihuwarsa, amma ba a rikita ranar tunawa da uba. Aka kira su. Suna kallon ƙasa suka ce e, ita ta yi girkin. Daga bakinsu sauran masu jinyar bogin suka fara warwarewa ɗaya bayan ɗaya.

Aka turo Kaka Mal-sun a keken guragu. Ba ta dube ni ba. Ta roƙi alƙali da a sakar mata ɗanta, ta ce ita ta haife shi, in akwai laifi a wurinta yake, ba ta yi masa tarbiyya da kyau ba. Ta yi ƙoƙarin haɗa tafukanta don roƙo, yatsun suka ƙi haɗuwa. Alƙalin ya daɗe yana kallon hannun. Gi-cheol da Wi suka tafi kurkuku, aka rufe asibitin, Jeong-ran ta koma garinsu. Abokin aikina yana Seoul yanzu.

Ta dawo gida da sandar tafiya mai ƙafa huɗu, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a na zuwa mata da rana. Watanni ba ta amsa gaisuwata. Abincin da na ajiye mata a ƙofa nan nake tarar da shi. Matar sama da mu, wadda ta ce sha'anin cikin gida ne, ita ce ta tare ni a lif ta ce na kyauta, ai ita tun farko ta san yaron nan ba mutumin kirki ba ne. Bangon benenmu siriri ne, tari ma ana ji. Duk wanda ke zaune a nan ya ji abin da na ji ran Lahadin nan, ya ji na kafin ta, ya ji na bayanta. Kowa ya ƙara ƙarar talabijin ɗinsa, ya ci wainar da ta soya da karyayyen haƙarƙari, ya mayar mata da faranti cike da lemu. Mu mutane ne masu ladabi. Mun san da wane hannu ake miƙa wa tsoho kofi, mun san gefen da ake ajiye kifi a teburin mamata. Tsohuwa na ihu a cikin tawul kuwa, wannan sha'anin cikin gida ne.

Da ranar tunawa ta zagayo ta bugi ƙofata da sandarta. Babu faranti a hannunta.

"Kin ɗaure mai zubawa," ta ce. "To zo ki zuba."

Na ɗauki hutun rabin yini. Ta zauna a kujera tana ba ni umarni, tana zagin yankan da nake wa kifi, wai ko kyanwa ba za ta ci ba, gwamnati ta yi asarar kuɗin karatuna. Da-on na zaune a gefenta, kanta babu kitso. Muka jera teburin gaban hoton tsohon. Da lokacin soka cokali a cikin shinkafa ya yi, ta ce wannan ita za ta yi. Ta kama shi tsakanin tafukanta biyu, ya zame. Ta sake, ya faɗi ƙasa. Na ɗauka na sa a hannunta, na rufe nata da nawa, muka soka tare.

Da aka sauke teburin ta nuna mini kifin da ya fi girma da wainar da ta fi kyau, ta ce in naɗe wa Gi-cheol. Na ce kurkuku ba a shiga da abincin waje. Ta ce ni ta gwamnati ce, in na so zai shiga. Na ce ba zan kai ba.

Na jawo kwanon shinkafar, na ɓare kifin nan mai girma, na cire ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya yadda nake yi wa Da-on. Na ɗebo a cokali na kai bakinta. Ta kau da kai ta ce wannan rabon ɗanta ne.

"Naki ne, Kaka. Ki ci yanzu, ina kallonki. Ta can ban san wa zai zuba miki ba. Ta nan ni zan zuba."

Ta dubi hoton tsohon, ta dubi hannuwanta a kan cinyarta. Cokalin na tsaye a gabanta har hannuna ya fara gajiya, ban sauke ba. Sannan ta buɗe baki.